Surukin Baba Mai Jan Fenti

Assalamu alaikum jama'ata, har da ku masu karantawa a ɓoye da ba ku taɓa ajiye min ko kalma ɗaya ba, ina sane da ku. Ga wanda yau ya fara faɗowa cikinmu, sunana Riskuwa, shekaruna ashirin da uku, an sa ranar aurena da wani bawan Allah mai suna Nu'uman, kuma yanzu haka ranar tana rawa. Kun dame ni da saƙo wai in faɗi abin da ya haɗa shi da Babana. To zan faɗa, amma sai kun fara sanin unguwarmu, don in ba ku san ta ba za ku ɗauka ƙarya nake shirga muku.

Mu mutanen Argungu ne. Babana, Alhaji Dankure, ya yi shekara talatin yana noman shinkafa a fadama, kuma ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai ce bai san ƙasa ba. Shekara huɗu da suka wuce shinkafa ta yi daraja, aljihu ya yi nauyi, sai ya wayi gari ya ce shi ma birni zai koma. Ya zo Birnin Kebbi da rani tsaka, wani dillali ya zagaya da shi filayen da ake yankawa a bakin gari ta hanyar Ambursa. An fara nuna masa fuloti a kan tudu, jar ƙasa mai tsakuwa, ya taka ya yamutsa fuska ya ce nan ko gero ba zai yi ba. Aka gangara da shi kwari. Ya duƙa ya damƙo ƙasa baƙa wuluk mai danƙo, ya murza, ya shinshina, ya ce wa dillalin nan ne wuri. Dillalin, da yake mutum ne mai ladabi, bai yi wa babba musu ba.

Baba ya koma gida ya ba abokansa labarin an samu ƙasa mai kyau a birni, kuma da araha. Suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, daga Argungu, daga Augie, kowa ya zo ya murza ƙasar ya gyaɗa kai. A cikinsu duka ba a samu wanda ya tuna cewa gida za a gina a wurin ba, ba shinkafa za a dasa ba.

Haka aka kafa Dubai Ƙarama. Sunan unguwarmu ke nan, kuma ban ba kowa izinin dariya ba. In kun shigo za ku ga gidaje masu tayil har waje, ƙofofin ƙarfe masu zanen ruwan zinare, tankin ruwa a kan kowane rufi. Abin da ba za ku gani ba shi ne hanya. Kowa ya gine iyakar abin da ya saya, ya ƙara taku biyu don albarka. Lungunmu ɗan kabu-kabu sai ya matse gwiwar hannu yake wucewa, kuma ranar da aka sayo wa Innata firji ta kan katangar maƙwabta aka miƙo shi. Daminarmu ta farko ruwa ya shigo falo har gwiwa. Inna tana kuka tana ɗora kushin a kan teburi, ni kuwa na kama tarwaɗa biyu a ƙofar kicin da kwandon wanke-wanke. Baba ya tsaya tsakar gida wando a naɗe, ya dubi ruwan ya daɗe, ya ce ko ba komai dai bai yi kuskure a kan ƙasar ba.

Nu'uman ma'aikaci ne a ofishin masu tsara gari. Bara bayan damina suka shigo unguwar shi da abokan aikinsa, da tef ɗin awo, da wata na'ura mai ƙafa uku, da bokitin jan fenti. Za a fitar da babbar magudanar ruwa da titi a gefenta, su ratsa unguwar daga sama har ƙasa, duk ginin da layin ya bi ta kansa sai a shafa masa jan giciye. Ƙishi ya kawo shi ƙofarmu. Na fito da kofin silba, ina sanye da tsohon hijabin Inna mai ƙunar dutsen guga a kafaɗa, silifas ɗina wari da wari. Siriri ne, mai tabarau, ya cusa riga cikin wando, takalmansa sun yi buɗu-buɗu. Ya sha ruwan ya yi godiya har sau uku, ya juya ya yi tuntuɓe da bokitin fentinsa. Tun daga nan na san zai dawo.

Gida tara aka shafa wa ja a layinmu, namu bai samu ba. Dalilin ba wani abin alfahari ba ne: lokacin gini bulo ya ƙare wa Baba, dole ya bar fili kamar taku goma a gaban gidan, kuma ta cikin filin nan layin ya wuce tsaf. Nu'uman ya yi wa Baba wannan bayani da bakinsa. Amma ranar da ya dawo cikin shadda ruwan toka, ya kafa hula, ya aiko a ce yana sallama da ni, Baba ya haɗa lissafinsa shi kaɗai ya samu amsa. Yaron nan ya kauce wa gidan ne saboda 'yarsa, sauran zancen duk kunya ce irin ta masu neman aure.

Ku da samarinku ke ce muku idanunku sun hana su barci, ku gode wa Allah. Ni nawa in ya zo zance bayan la'asar, yawan jama'a muke tattaunawa. Zai zauna a bakin tabarma ya ciro makullin mashin ɗinsa yana zane a ƙasa. Wai kullum sai motoci sun sauke iyalai a garin nan da katifunsu da buhunansu, kuma wannan alheri ne, don mutane su ne kasuwa. Amma in gari bai bar wa ruwa da manyan motoci hanya ba, arzikin da ya jawo mutanen shi zai fara nutsewa. Akwai masu son kafa injin casar shinkafa a bayan unguwarmu, aikin da zai ɗauki samari da yawa, sun zo sun ga ko a-kori-kura ba za ta shiga ba, sun juya. Yana faɗa idanunsa na ƙyalli, ni kuma ina kallon yatsunsa ina cewa "haka ne." Ba zan ɓoye muku ba, ina son shi sosai. Ban taɓa ganin mutumin da ya damu da gidajen da ba nasa ba kamar shi.

Da manyansa suka zo, Baba bai ja musu rai ba ko kaɗan, a zama ɗaya aka sa rana. Kwana shida bayan nan na ji ana sauke bulo a ƙofar gida. Kafin wata ya cika, shaguna uku sun tsaya a filin nan da aka ware wa magudana, an shafe su da shuɗin fenti, an rubuta DANKURE FILAZA da manyan baƙaƙe. Ƙanin Inna, Kawu Atiku, ya taso daga Augie ya kafa rumfar ajiye albasa a gefe, ya ce ai yanzu muna da mutum a ciki. Matan unguwa da da ko kallo ban ishe su ba suka fara gaishe ni tun daga nesa. Wannan ta aiko da ƙosai, waccan da turaren wuta, kowace da ɗan saƙonta a ƙarshe, wai in na samu sarari in tuna wa ango katangarsu. In na ce muku ban ji daɗin abin ba na yi ƙarya, har tafiyata sai da ta canza.

Tun ana haƙa harsashi Nu'uman ya zo ya durƙusa gaban Baba, ya ce wurin nan hanyar ruwa ce, an riga an auna, duk abin da aka gina bayan awo za a rushe kuma ba diyya. Ina laɓe bayan labulen zaure ina ji. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"Na gane, ɗana," ya ce. "Aikin gwamnati na, dole ka hwaɗi hakanan gaban mutane. Ka hwaɗi, mun ji. Tashi abinka."

Ranar da aka gama rufi, mutanen ofis suka zo suka shafa wa shagunan ja. Baba ya sa aka bi da farar ƙasa. Suka dawo suka sake shafawa, ya sake bi. Yanzu in kun zo wucewa za ku ga gaban Filaza ya koma ruwan hoda, har wata mai ɗinki ta zo tambayar haya don launin ya burge ta.

A shafawa ta uku ne Baba ya daina dariya. Ya kira ni ɗakinsa ya ce abin ya fara wuce wasa, kuma laifina ne, don yarinyar da ta san kanta ba a shafa wa ubanta fenti sau uku. Washegari aka sa ni a mota zuwa Argungu wurin yayarsa, Gwaggo Ɗayyaba, wai ta koya min yadda ake roƙon namiji.

Gwaggo sana'arta bandar kifi, gidanta na kusa da gulbi, kuma tun daga bakin lungu hayaƙi ke yi wa baƙo maraba. Na same ta a gaban tanda, ɗaurin ƙirji, tana juya kifi da hannu kamar wutar ba ta da zafi. Ta ji labarin duka ba ta katse ni ba, sannan ta tambaye ni da wace murya nake yi masa magana. Na ce da tawa. Ta ce ai shi ya sa.

"Namiji ba a ce mishi yi kaza," ta ce. "Ki cika mishi ciki da kihi, ki bari sai ya kai ga kai, sannan ki aje maganag ga a hankali awa ba ta dame ki ba. In yad dube ki, ki dubi ƙasa."

Kwana biyu muna gwaji. Ta ɗauko tabaran da take duba carbi da waya da shi ta maƙala a hanci, ta zauna a kan turmi ta zama Nu'uman, ni kuma in shigo da kwano in durƙusa. In na ce "ranka ya daɗe" ta ce na yi kamar mai karɓar haraji. In na sassauta ta ce yanzu kuma kamar mai zazzaɓi. 'Yarta Mubina, wadda sa'ata ce kuma aminiyata, tana gefe tana dariya har da riƙe ciki. Da zan taho Gwaggo ta ɗaure min manyan kifi huɗu a takarda, ta ba ni humra a 'yar kwalba, ta ce in wannan bai yi aiki ba to yaron a kai shi a duba shi.

Ranar Lahadi na shirya. Atamfa kore mai ganye-ganye, riga da siket, ɗaurin da na ɓata rabin awa a gaban madubi ina yi ina warwarewa, mayafi ruwan madara, humrar Gwaggo har sai da Inna ta yi atishawa. Na yi farfesun kifin da daddawa da citta, na kai masa zaure. Ya ci yana santi yana ba ni labarin wani kwalbati. Na jira har ya kai ga kan kifin, na dubi ƙasa, na fito da muryar da aka koya min, na ce ai shagunan Baba ba su da wani girma, in da za a ɗan matsa da layin baya kaɗan ba wanda zai sani.

Ya ajiye cokalin. Da farko ya tambaya ko mura nake yi. Da ya gane da gaske nake, sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce in aka matsa da layin taku goma, gidaje bakwai na bayanmu zai bi ta kansu, gidajen da mutane ke kwana a ciki da 'ya'yansu. Kuma ko an matsa a takarda ruwan ba zai matsa ba, don nan ne wuri mafi gangare a unguwar.

"Riskuwa, ba ni niz zaɓi wurin ga ba," ya ce. "Da da yadda za ni yi, wallahi da na yi tun ba ki tambaya ba."

Nan take muryar Gwaggo ta gudu, tawa ta dawo. Na ce masa ashe magudana ta fi ni daraja a wurinsa, ya je ya auri kwalbatin. Na ce shi me ya sani game da asara, tunda ba guminsa za a rushe ba, na mutane ne. Ya tashi ya sa takalmi ya yi min sallama a hankali, ya bar kan kifin a kwano.

Kafin magariba saƙonsa ya shigo: "Ki yi haƙuri. Akwai maganar da nake son faɗa miki, ba ta waya ba." Na karanta na ajiye. Ya turo hoton taswira mai layuka ja da shuɗi. Na rubuta "Hmm." Washegari ya kira sau huɗu, ina kallon sunansa yana haske a kan gado ina cin gyaɗa. Ku da kuke shirin zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari, na riga ku.

Ranar Litinin ɗin nan ce kuma aka tsayar don awon ɗaki. Ga waɗanda ba a yi a wurinsu, kafin biki dangin amarya mata sukan je gidan da za ta zauna su auna ɗakuna da tagogi, don a san girman gado da kujeru da labulen da za a saya. Amarya ba ta zuwa. Nu'uman ya yi shekara biyu yana gina gidansa a can ƙasan unguwarmu, ɗaki biyu da falo, kuma sau biyu ana sa ranar awon yana ɗagawa, yau fulasta bai bushe ba, gobe mai makulli ya yi tafiya. Wannan karon Gwaggo ta ce ba ta san zancen ba. Ta taso daga Argungu da Mubina, da tef ɗin tela a jaka, suka ɗauki wata ƙanwar Inna suka tafi ba tare da sun jira kowa ba.

Ina zaune ina tsince shinkafa wayata ta yi ƙara. Mubina ce ta turo hoto, ba rubutu. Na buɗe. Gida ne sabo fil, fenti ruwan ƙwai, ƙofa baƙa, har da ɗan dashen mangwaro a gefe an kewaye shi da bulo. A jikin katangar, daidai tagar ɗakin barci, ga jan giciye ƙato, ga kwanan wata a ƙarƙashinsa. Na ja hoton na ƙara girmansa. Na san rubutun. Duk garin nan Nu'uman kaɗai na sani da ke yi wa bakwai ɗamara a tsakiya.

Sai ga saƙon murya, Gwaggo ta karɓe wayar tana haki.

"Ke Riskuwa, mi nika gani haka? Gidan da za a kai ki na anka shahwa ma ja. Maƙwabta sun ce shi da kainai yat taho da bokiti yash shahwa, wata guda ke nan. Wanga yaro lahiya tai kuwa?"

Bayan minti goma Mubina ta sake rubutowa: "Mun samu ƙofa a buɗe. Innata ta ce tunda mun biya kuɗin mota sai an auna. Tagar falo ƙafa shida ce."

Na bar shinkafar wa kaji na shige ɗaki na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ya ce fulotin tun farkon fara aikinsa ya saya, a hannun dillalin da ya sayar wa Baba, lokacin ba a yi awon unguwar ba. Da aka zo auna ƙarshen magudanar wata biyu da suka wuce, layin ya faɗa ta tsakiyar ɗakin barcin. Abokan aikinsa sun ce a san yadda za a yi, ya ce in aka san yadda za a yi da nasa, da wane baki zai je gidan wani. Ya ɗauki bokitin ya je shi kaɗai. Abin da ya kasa shi ne faɗa min, kullum sai ya zo da niyya ya ga ina zancen launin labule.

Haushi da tausayi suka kama ni lokaci guda. Haushin cewa ya ɓoye min, na zauna wata guda ina zaɓen kujerun falon da ba za a zauna a ciki ba. Tausayin kuma in na tuna jiya-jiya na ce masa ba guminsa za a rushe ba, ya tashi ya sa takalmi ya bar min kan kifi. Na tambaye shi to ina zai kai ni. Ya ce ya kama ciki da falo a Nassarawa kusa da gidan mahaifiyarsa, ba tayil, amma ruwa bai taɓa shiga ba.

"Jibi Laraba katahila za ta shigo," ya ce. "Na roƙi a hwara da nawa. In an gama, shagunan Baba ka biye."

Ni a wautata na ɗauka wannan labari zai sanyaya Baba. Mutum ya rushe nasa da hannunsa, ai magana ta ƙare. Na manta wa na haifa, ko in ce wa ya haife ni. Da Gwaggo ta dawo ta zazzage masa komai, har da faɗin tagogi, Baba ya ce yanzu ne ma ya tabbata yaron ba shi da cikakken hankali, kuma shi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ke yi wa ɗakin amaryarsa giciye ba. Kawu Atiku ya ce dabara ce, gidan ma ƙila ba nasa ba ne. Shi dai kafin la'asar ya nemo masu baro ya kwashe albasarsa, wai ba tsoro ba ne, iska yake son ta sha.

Da gida ya yi shiru Baba ya sa aka kira ni. Na same shi zaune a kan darduma, bai kunna rediyo ba, abin da ban saba gani ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce gonar da ke bakin gulbi, wadda ya gada wurin mahaifinsa, rabinta ya sayar ya yi shagunan nan, don in ƙarfinsa ya ƙare mu samu abin dogara. Ban sani ba sai ranar.

"Ni nik kawo mutanen ga wurin ga," ya ce. "Ni nic ce musu ƙasa ta mai kyau. Ni kuma nic ce musu surukina na ciki, kowa shi kwantar da hankalinai. In anka kada nawa gaban idonsu, da wace huska za ni shiga masallaci?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce in ƙarfen katafila ya taɓa bulo ɗaya na shagonsa, a mayar wa mutane kayansu, ranar ta warware. Na fito na samu Inna a kicin tana kankare tukunyar da ta riga ta wanke. Na ce ta sa baki, ta ce shekara ashirin da shida tana sa baki a maganar Alhaji, har yau ba ta ga inda ya shiga ba.

Laraba da hantsi muka fara jin rugugi daga ƙasan unguwa. Matan layinmu suka hau kan tankuna da katangu, waɗanda suka aiko min da ƙosai yanzu ko inda nake ba sa kallo. Mubina, da ba a yin abu babu ita, tana can wurin, ta turo min bidiyo. Na ga bakin katafilar ya ɗaga ya sauka a kan katangar ruwan ƙwai, tagar ɗakin barcin ta karkace ta faɗa ciki. Nu'uman yana tsaye a gefe da hular kwano a kai, riga a cushe cikin wando kamar kullum, bai kau da kai ba har aka gama. Sau ɗaya kawai na ga ya cire tabarau. Na kifa wayar a cinya na yi kukan da ban yi ba tun ranar Litinin.

Kafin azahar rugugin ya fara matsowa, kwanukan Inna na rawa a kan kanta. Baba ya fito daga wanka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, fara mai aiki ruwan ƙasa, ya fesa turare, ya ɗauki kujerar roba da kansa ya kai gaban shagon tsakiya ya zauna ya harɗe ƙafa. Abokansa na Argungu da Augie suka taru a bayansa, amma da ɗan nisa. Daga nan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Riskuwa. Ɗauko kujera ki taho ki zamna nan kusa gare ni. In ga wanda za shi tada ƙarhe bisa matatai."

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a hannuna. Nu'uman ne, kalma huɗu: "Don Allah kar ki fito." Na ƙirga, biyar ne ma, hankalina ne ba ya jikina.

Na dubi Inna. Ta miƙo min mayafina, ban kuma gane ko tafi take nufi ko rufe fuskarki ba. Na yafa, na ɗauki kujera 'yar tsugunno da ke bakin murhu, na ratsa zaure. Baba ya sake kiran sunana, wannan karon a hankali, da muryar da yake kirana da ita ina ƙarama in zai ba ni rake.

Na fito. Katafilar tana tsaye a bakin layin tana huci, Nu'uman a gabanta, ƙurar gidansa har a girarsa. Yana ganina ya ɗaga hannu, direban ya kashe injin. Baba ya nuna min wuri kusa da ƙafarsa. Unguwar ta yi tsit, mutanen kan katanga da na bayan Baba da mazan nan biyu da nake so duk suna kallon hannuna, suna jiran su ga inda zan ajiye kujerar.